Me ya sa oba-obar ɗan sanda ba ta jin ta ɗan kwana-kwana?

Bakano_Na_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga masana sadarwa ce, da waɗanda suka taɓa aikin ɗamara ko aikin ceto. Ranar 11 ga Satumban 2001 da aka kai harin jiragen sama, bayan benen kudu na Cibiyar Kasuwanci ta Duniya da ke New York ya rufta da ƙarfe 9:59 na safe, 'yan sandan da ke shawagi a jirgi mai saukar ungulu sun hango saman benen arewa ya yi jajur, suka sanar ta rediyonsu cewa shi ma ba zai daɗe a tsaye ba. 'Yan sandan da ke ciki sun ji, akasarinsu suka fito. 'Yan kwana-kwana ba su ji wannan gargaɗin ba, domin tasharsu daban take. Ƙarfe 10:28 benen ya sauko. A ranar 'yan kwana-kwana 343 suka mutu, 'yan sandan birnin kuma 23.

Gari ɗaya, magajin gari ɗaya, baitulmali ɗaya. Ni a ganina maganin bai wuce gwamnati ta sayi oba-oba iri ɗaya ta raba wa ɗan sanda da ɗan kwana-kwana da direban motar asibiti ba, kowa ya huta. Ko akwai abin da ya fi haka? Kuma mu nan gida ya abin yake?

Injiniya_Mai_Eriya:
Wa alaikumus salam Malam. "Iri ɗaya" ɗin nan da ka faɗa cikin sauƙi, ita ce aikin gaba ɗaya. Fara da zango, wato iyakar mitar da rediyo ke aiki a cikinta. Akwai oba-obar da ke aiki a VHF, tsakanin megahaz 136 zuwa 174. Akwai ta UHF, daga wajen 400 zuwa 470. Amurka ta ƙara da zangon 700 da 800. Wadda aka ƙera don VHF kaɗai ba ta jin UHF, ko da masu riƙe da su suna tsaye kafaɗa da kafaɗa. Kuma ba taurin kai ne ya sa kowa ya zaɓi nasa ba. VHF ta fi cin nisa a fili da daji, UHF ta fi kutsawa cikin gine-gine. Mai sintiri a hanyar Birnin Gwari da mai shiga cikin bene mai hawa goma buƙatarsu ba ɗaya ba ce.

To ko zangon ya zo ɗaya, sai ka tarar wannan analog ce, waccan dijital. Dijital ɗin ma gida-gida ne: Amurka na da P25 da aka fara tsarawa tun 1989, Turai na da TETRA, Faransa ta kama Tetrapol, 'yan kasuwa da ƙananan hukumomi sun fi sayen DMR saboda araha. Babu wadda ke jin wata kai tsaye.

Sarkin_Gardama:
Injiniya, ai ka goyi bayan Bakano ne ba ka sani ba. Tunda an rarrabu, a zaɓi ɗaya a tilasta wa kowa. Mene ne wahalar?

Tsohon_Ɗan_Kwana_Kwana:
'Ya'yana ku tsaya in gyara wani abu a labarin. Ba gargaɗin 'yan sanda kaɗai ne bai isa ba. Shugabannin kashe gobarar da kansu sun ba da umarnin a fice daga benen arewa jim kaɗan bayan faɗuwar na kudu, a tasharsu, da rediyonsu, amma mutanensu da yawa ba su ji ba. Wasu sun ji, amma ba wanda ya gaya musu cewa ɗaya benen ya riga ya faɗi, sai suka riƙa saukowa a natse, suna tsayawa taimakon mutane a matakala. Wasu kuma ba ranar aikinsu ba ce, suka garzayo ba rediyo a hannunsu.

Wanda bai taɓa shiga wuta ba ba zai gane ba. Oba-obar hannu ƙarfinta bai fi wat 5 ba. Tsakaninka da ogan da ke ƙasa akwai kankare da rodi hawa bisa hawa. Fuskarka na cikin abin shaƙar iska, famfo na ruri, mutum hamsin na son magana a tasha guda. Wanda ya danna ya toshe na bayansa. Don haka ko da rediyon 'yan sanda ne a hannunsu, ban ce da an tsira duka ba.

Ɗalibin_Lantarki:
Baba Allah ya ƙara lafiya. Amma na karanta cewa akwai rifita a ginin, mai karɓar murya ta ƙara mata ƙarfi ta sake watsawa. Me ya hana ta aiki?

Injiniya_Mai_Eriya:
@Ɗalibin_Lantarki akwai. An kafa ta ne bayan harin bam na 1993 a wannan cibiyar, saboda a lokacin ma an sha wahalar sadarwa. Da safen ranar shugabannin da ke harabar benen arewa sun gwada ta, suka ɗauka ba ta aiki, suka koma tashoshin hannu-da-hannu. Amma a benen kudu an yi magana ta cikinta, har wani babban jami'i da ya kai hawa na 78 ya ba da rahoto daga can. Na'ura na nan, tana raye, amma waɗanda suka fi buƙatarta sun yi watsi da ita a minti na farko. Wannan ba matsalar sayayya ba ce, ƙanena.

Akwai ma wani abin. A farkon 2001 hukumar kashe gobarar birnin ta raba sababbin rediyo na dijital, sai ta janye su a watan Maris bayan wani jami'i ya yi kiran neman ɗauki a cikin gobara na kusa da shi ba su ji ba. Da tsofaffin suka shiga benayen.

Hajiya_Nas:
Kullum in ana wannan magana sai a tsaya kan masu kaki. Mu fa na asibiti? Akwai daren da aka yi hatsarin tanka a kan babbar hanya, ina sashen gaggawa a wani asibiti. Ba wanda ya kira mu. Da jiniya muka san an yi abu, sai ga motoci na sauke mutane a ƙofa, ƙonannu, wasu a bayan akori-kura. Likita ɗaya ne a bakin aiki. Da an yi mana magana tun suna wurin, ko da rabin sa'a ce, da mun taso waɗanda ke gida, mun buɗe ɗakin tiyata, mun tanadi ruwan ƙari da jini. Kuma duk aka jibge mana su, alhali akwai wani asibitin a gaba kaɗan da gadaje a buɗe, direbobin ba su sani ba. Duk lokacin da na ji labari irin na fashewar tankar mai a Majiya ta Jigawa a Oktoban 2024, inda sama da mutum 150 suka rasu, tunanina yana tafiya ne ga ma'aikaciyar jinyar da ke tsaye a ƙofa ba ta san abin da ke tafe ba.

Maman_Walida:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya saka muku da alheri Hajiya, aikinku sai Allah.

Bazazzagi_a_Manchester:
Ga amsar Bakano da Sarkin_Gardama daga garin da nake zaune. Birtaniya ta yi ainihin abin da kuke nema. 'Yan sanda, 'yan kwana-kwana da motocin asibiti duk suna kan tsari guda mai suna Airwave, na TETRA. Ranar 22 ga Mayun 2017 aka tayar da bam a Manchester Arena da ƙarfe 10:31 na dare, mutum 22 suka mutu. 'Yan kwana-kwana ba su isa wurin ba sai bayan sama da sa'a biyu. Ba don rediyonsu ba ya jin na 'yan sanda ba. Jami'in 'yan sandan da ke riƙe da ragama a daren ya ayyana matakin harin 'yan bindiga, bai sanar da sauran hukumomin ba, layin wayarsa kuma ya cushe da kira. Jami'in kashe gobara ya yi ta nemansa bai samu ba, sai aka tara motocinsu a wata tasha nesa da wurin suna jiran umarni, alhali ma'aikatan asibiti na ciki. Binciken da aka yi daga baya ya ce akwai wanda da alama da ya rayu in da taimako ya zo da wuri. Rediyo iri ɗaya ne a ƙugun kowa.

Sarkin_Gardama:
To wannan sakacin mutum ɗaya ne. Kada a ɗora wa tsarin.

Bazazzagi_a_Manchester:
Yallaɓai, tsarin da zai tsaya cak saboda layin mutum ɗaya ya cushe, ai tsarin ne da laifi. An san wannan kujerar tana yi wa mai ita yawa tun kafin daren, atisayen da aka yi a baya ya nuna haka.

Tsohon_Jami'i_Gusau:
Ina tare da Bazazzagi, kuma zan faɗi abin da injiniyoyi ba sa son ji. Sau da yawa ba a SON a ji juna ne. Na yi aikin ɗamara har na yi ritaya. Ogana ba zai yarda wani daga wata hukuma ya saurari tasharmu ba, yana da hujja kuma: a tashar nan ake faɗin sunan wanda za a kama da inda za a yi kwanton ɓauna. Ka buɗe wa kowa, gobe labari na kasuwa. Bayan wannan akwai maganar girma. Wa zai karɓi umarni daga wa? Mai anini uku a wannan hukumar ba zai amsa "na ji, ranka ya daɗe" ga mai anini biyu na waccan ba, ko da shi ne ya san aikin. Na taɓa ganin shugabanni biyu a wurin hatsari, kowa a cikin motarsa, tsakaninsu bai fi taku talatin ba, kowa na ba yaransa umarni daban.

Ɗan_Jarida_Abuja:
Abin da Oga ya faɗa ya faru a New York ɗin ma. 'Yan sanda sun kafa sansanin ba da umarninsu a wuri guda, 'yan kwana-kwana a wani wurin. Da shugabannin biyu na tsaye a teburi ɗaya, da gargaɗin jirgi mai saukar ungulun ya tsallaka da baki kawai, ba sai da wata na'ura ba. Kuma ba a daina ba. A Yulin 2024, lokacin da aka harbi Donald Trump a Butler ta jihar Pennsylvania, 'yan sandan yankin sun ga maharbin a kan rufi suna ta faɗa a tasharsu, masu tsaron lafiyar Trump kuma suna wani ɗakin daban a wata tashar daban. Shekara 23 bayan benayen.

Bakano_Na_Fagge:
Na ji duka. Amma har yanzu ban sauka daga maganata ba. Ko da girman kai ne matsalar, gara na'urar ta iya, mutum ya ƙi, da a ce mutum na so na'ura ta kasa. Ba wanda ya amsa mini ta gida kuma.

Ɗan_Jarida_Abuja:
Ta gida kuwa an taɓa gwadawa, da kuɗi masu nauyi. A 2010 gwamnatin tarayya ta ba kamfanin ZTE na China kwangilar dala miliyan 470 don kafa tsarin sadarwar tsaro na ƙasa, akasarin kuɗin rance ne daga bankin Exim na China. Mutane sun fi tuna kyamarorin da aka kakkafa a Abuja da Legas, amma ƙashin bayan aikin shi ne hanyar sadarwa ta musamman ga jami'an tsaro, mai turakunta a faɗin ƙasa. Majalisar Wakilai ta yi ta bincike a kan yadda aka yi aikin ya durƙushe. Bashin dai na nan a wuyanmu.

Injiniya_Mai_Eriya:
Nan ne nake son Bakano ya tsaya ya duba. Sayen rediyo shi ne mafi arha a lissafin. Kowane turke na son wuta dare da rana, ko dizal ko sola da batura. Yana son mai gadi, don ana sace batir da kebul. Yana son hanyar da za ta haɗa shi da sauran turaku. Batirin oba-obar hannu kuma shekara biyu zuwa uku ya fara gajiya. Wa zai biya wannan duk shekara? Hukumar 'yan sanda ta tarayya ce. FRSC ta kiyaye haɗurra da NSCDC ta tsaron farin kaya da NEMA ta agajin gaggawa na tarayya ne amma kowace da kasafinta da uwar gidanta. Hukumomin kashe gobara na jihohi daban suke da ta tarayya, SEMA, takwarar NEMA, ta jiha ce, motocin asibiti wasu na jiha, wasu na masu zaman kansu. Kowa ya je kasuwa shi kaɗai, a shekarar da kuɗi suka faɗo masa, wurin ɗan kwangilar da ya sani. Ranar ƙaddamarwa ana yanka kyalle a ɗauki hoto. Kuɗin dizal na shekara ta uku ba shi da hoto.

Alhaji_Zangon_Kumasi:
Gaisuwa ga jama'a. Mu ma a Ghana jami'an tsaro sun yi amfani da irin wannan na ZTE, wanda ake kira GoTa. Lambar gaggawa kuma an haɗe ta zuwa 112. Amma ni tambayata, kiran 112 da oba-oba ba abu ɗaya ba ne?

Ɗalibin_Lantarki:
A'a Alhaji. 112 ƙofar jama'a ce, kai da ni mu kira. A Nijeriya hukumar sadarwa ta NCC ce ta gina cibiyoyin karɓar wannan kira a jihohi, mai amsawa ya miƙa wa hukumar da abin ya shafa. Abin da ake muhawara a kai shi ne bayan sun isa wurin, ta yaya za su yi magana da juna.

Kwamared_Sani_Keke:
Ku dai kuna wahalar da kanku. Kowa na da waya. A buɗe rukunin WhatsApp a zuba DPO da shugaban kwana-kwana da na asibiti, magana ta ƙare. Kyauta ma.

Yagana_Yerwa:
Kwamared, da alama ba ka taɓa zama a garin da aka wayi gari ba sabis ba. Mu a Borno an kashe layukan waya a 2013 lokacin dokar ta-ɓaci, kafin nan ma 'yan Boko Haram sun bi turakun sadarwa suna ƙonawa. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya shanye Maiduguri cikin dare, na ga yadda waya ke zama. Ba wuta, caji na ƙarewa, kowa na kiran 'yan'uwansa a lokaci guda, kira ba ya shiga. Sojoji da masu agaji da samarin unguwa masu kwale-kwale duk sun yi ƙoƙari, Allah ya biya su. Amma a unguwarmu jirage biyu sun zo layi ɗaya a jere, layin bayanmu kuma mutane na kan rufi ba wanda ya leƙa su sai da rana ta yi. Ba mugunta ba ce, wannan bai san inda wancan ya je ba.

Tsohon_Jami'i_Gusau:
Haka muka gani a Zamfara a Satumban 2021 da aka rufe sabis. An yi don a toshe wa 'yan bindiga da masu kai musu rahoto, amma mai naƙuda ma ba ta da hanyar kiran kowa, 112 kuwa ai a kan sabis ɗin take tafiya. Jami'in da ya saba da wayar salula a matsayin rediyonsa shi ma ya koma kurma.

Tsohon_Ɗan_Kwana_Kwana:
Ƙari a kan haka, ɗana Kwamared, hannuna na cikin safar wuta, ina riƙe da mesa. Da wane yatsa zan buɗe waya in nemo suna? Oba-oba dannawa ɗaya ce, mutum ashirin su ji a take. Kuma ko turke ya faɗi, biyu za su iya magana kai tsaye in suna kusa. Waya ba ta yin haka.

Kwamared_Sani_Keke:
Na ji Baba. Amma ai Turawan da kansu wayar suke komawa.

Bazazzagi_a_Manchester:
Suna ƙoƙarin komawa dai. Amurka ta kafa FirstNet a 2012 don samar wa masu aikin gaggawa hanyar salula tasu, ta ba kamfanin AT&T kwangilar a 2017, aka ware wa masu aikin gaggawa zangonsu da fifiko a kan sauran jama'a. Duk da haka 'yan kwana-kwanansu ba su ajiye oba-oba ba, bidiyo da taswira suke turawa ta can. A nan Birtaniya an shirya kashe Airwave tun 2019 a koma tsarin 4G, shekaru sun shuɗe ana ta ɗagawa, ana biyan tsoho ana biyan sabo. Sai da hukumar kula da gasar kasuwanci ta sa baki a 2023 ta ƙayyade abin da Motorola, mai Airwave, zai riƙa caja. Wannan ma darasi ne ga masu cewa a bai wa kamfani ɗaya komai: ranar da ya san ba ka da wurin zuwa, shi zai yanka farashi.

Malama_Mai_Nazari:
Ku ƙara da Koriya ta Kudu. Bayan jirgin ruwan Sewol ya nutse a Afrilun 2014 mutum 304 suka mutu, akasari 'yan makaranta, sai suka gina hanyar sadarwar bala'i ta ƙasa baki ɗaya a kan LTE, wato 4G, suka kammala a 2021. Dannawa ɗaya, 'yan sanda da kwana-kwana da ƙaramar hukuma su ji juna. Da aka yi turmutsitsin Itaewon a Oktoban 2022, mutum 159 suka mutu, gwamnati da bakinta ta amsa cewa kusan ba a yi amfani da ita tsakanin hukumomin ba a daren. Abin da hannu bai saba da shi a ranar lafiya ba, ba zai tuna da shi a ranar tashin hankali ba.

Sarkin_Gardama:
Kun cika kawo inda aka faɗi. Ba inda aka ci nasara ne? In babu, a rufe zancen kowa ya kama gabansa.

Malama_Mai_Nazari:
Akwai, a rana ɗaya ma da ta New York. A ma'aikatar tsaro ta Pentagon, da ita ma aka kai wa hari, hukumomin kashe gobara na yankin Washington sun yi aiki tare ƙarƙashin jagorancin gundumar Arlington, akasarinsu na jin juna. Dalili? A 13 ga Janairun 1982 jirgin Air Florida ya bugi gada ya faɗa kogin Potomac, mutum 78 suka mutu, a yammacin nan kuma jirgin ƙasa na ƙarƙashin birnin ya kauce daga layi. Masu ceto daga ɓangarori daban-daban suka kasa magana da juna. Daga nan suka zauna, suka yi yarjejeniya, suka daidaita rediyonsu, suka riƙa atisaye tare kusan shekara ashirin. Shugabannin sun san juna da suna kafin ranar. Norway ma bayan harin 22 ga Yulin 2011 ta ƙarasa shimfiɗa tsarinta na Nødnett a duk ƙasar a 2015, daga baya aka haɗa shi da na Sweden, ɗan sanda ya tsallaka iyaka da rediyonsa yana aiki.

Ɗan_Maraɗi:
Wannan na iyaka ya taɓa ni. Tsakanin Maraɗi da Katsina, ko Ƙonni da Illela, gobara ko hatsari ba su san iyaka ba. Mu nan 18 muke kira don 'yan kashe gobara, 17 don 'yan sanda. Ko an haɗa na'urorin, namu an horar da su da Faransanci, naku da Turanci. Abin dariyar shi ne in suka haɗu ido da ido Hausa suke yi, aiki ya tafi daidai.

Tsohon_Jami'i_Gusau:
Ɗan'uwa ko a harshe ɗaya ma akwai wannan. Kowace hukuma na da lambobinta da laƙabobinta na rediyo. A Amurka lamba guda tana nufin hatsarin mota a wannan gunduma, a maƙwabciyarta kuma wani abu daban. Shi ya sa tsarinsu na ƙasa ya ce in hukumomi suka haɗu a yi magana a fili, a bar lambobi.

Ɗalibin_Lantarki:
Injiniya, ba a iya ɗinke tsare-tsare biyu ba tare da an zubar da na da ba?

Injiniya_Mai_Eriya:
Ana yi. Akwai akwatin haɗi da ake ɗaura wa rediyo ɗaya daga kowace hukuma, abin da ya shigo ta wannan ya fita ta sauran. Ana iya sa shi a bayan mota a kai wurin da abin ya faru. Amma yana da illa: ka haɗa tashoshi uku masu cunkoso, ka samu tasha ɗaya da ba mai jin kowa. Muryar ma tana ɗan makara, farkon magana na yankewa. Sai an sami wanda ya san lokacin haɗawa da lokacin rabawa.

Manyan tsare-tsare irin TETRA da P25 suna rage cunkoson da dabara. Kamar layin banki ne, maimakon kowane mai karɓar kuɗi da layinsa, layi ɗaya ne, wanda ya sami sarari ya kira na gaba. Kwamfuta ke raba tashoshin, kowace hukuma da rukuninta na sirri, sannan a ware rukunin haɗaka da kowa zai iya juyawa ya shiga. Wannan ya amsa damuwar Oga na Gusau, ba sai ka buɗe wa kowa tasharka ba.

Tsohon_Jami'i_Gusau:
A takarda ya amsa. Wa zai riƙe makullin sirrin? Wace hukuma ce za ta zauna a kan kwamfutar? Ranar da rediyo ɗaya ya faɗa hannun ɓarayin daji fa?

Injiniya_Mai_Eriya:
Ana kashe shi daga nesa ranka ya daɗe, in an san ya ɓata, in kuma wanda ya yar bai ɓoye don tsoron hukunci ba. Amma ba zan ce maka sirrin ba ya huda ba. A 2023 wasu masu bincike na ƙasar Holand sun nuna cewa ɗaya daga cikin makullan TETRA, wanda ake kira TEA1, an raunana shi tun daga ƙira, ana iya fasa shi da kwamfutar cinya. Sai dai ka kwatanta da halin da ake ciki: analog a buɗe, wanda duk mai oba-obar Baofeng ta kasuwa zai iya laluba ya saurara.

Maman_Walida:
Wai ita Baofeng ɗin nan da 'yan sintirin unguwarmu ke riƙewa, halal ce a doka?

Ɗalibin_Lantarki:
Mita ba ta kowa ba ce Hajiya, gwamnati ke rabawa, akwai ma majalisar kula da rabon mita ta ƙasa. Matsalar waɗannan ƙananan ita ce ana iya saita su a kowace mita cikin zangonsu, mutum ya hau kan tashar wata hukuma bai ma sani ba.

Mai_Kula_da_Zaure:
Jama'a a dawo kan tambaya. Kuma don Allah kada wanda ya rubuta mitar wata hukuma a nan, za a goge.

Tsohon_Ɗan_Kwana_Kwana:
To ni ga abin da na gani ya yi aiki ba tare da miliyoyin daloli ba. Akwai gobarar kasuwa da muka je a wani gari, 'yan kallo da masu wawaso sun toshe hanya, tankokin ruwanmu sun kasa shigowa. Shugaban jami'an tsaron wurin mutum ne mai hankali. Ya zo ya tsaya kusa da ni, ya ciro oba-oba ɗaya daga yaransa ya ba ni, na ba shi ɗaya tamu. Ya ce Baba faɗi ƙofar da kake so a buɗe. Cikin ɗan lokaci motoci suka fara shiga. Da aka yi masa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi ko gaisuwata ba ya amsawa.

Hajiya_Nas:
Shi ne ai Baba. Abin ya rataya ga halin mutum, ba a rubuce yake ba. Ni buƙatata ƙarama ce: rediyo ɗaya a teburin sashen gaggawa na kowane babban asibiti, a tasha ɗaya da motocin ɗaukar marasa lafiya da masu kiyaye haɗurra, a riƙa gwada shi kowace safiya lokacin karɓar aiki.

Ɗan_Yauri_Mai_Jirgi:
Masu jiragen ruwa na duniya sun daɗe da yin irin wannan. Tasha ta 16 a VHF, megahaz 156.8, kowane jirgi na saurare, ko na wace ƙasa ne. Jiragen sama na da 121.5. Me zai hana a ware tasha ɗaya tak ta kiran juna a duk Nijeriya, a saka ta a kowace oba-obar hukuma? Mu da kwale-kwale ke kifewa da mu a Kebbi da Neja kowace damina, da mun fi kowa murna.

Injiniya_Mai_Eriya:
Ba ɗaya ba, aƙalla biyu, ta VHF da ta UHF, kuma a analog don kowace na'ura ta iya. Amurka na da irinsu a kowane zango. Saita su aikin kebul da kwamfuta ne, minti kaɗan kowane rediyo. Wahalar ita ce wanda zai zauna yana sauraren tashar dare da rana, da wanda zai sa hannu a takardar da ta ce dole.

Bakano_Na_Fagge:
To ai kun dawo inda na fara, sai dai kun rage kuɗin. Abu ɗaya da kowa ke da shi.

Sarkin_Gardama:
A'a, kai rediyo ka ce a saya. Su tasha suka ce a ware. Da bambanci.

Tsohon_Jami'i_Gusau:
Ku dai ku gama. Ni tambayar da zan yi wa Injiniya ita ce, in an buɗe tashar, aka yi kira, sojan da ke wurin da ɗan sanda da jami'in NEMA duk suka amsa a tare, wa zai ce wa sauran su yi shiru?

Yagana_Yerwa:
Kuma a tuna da masu kwale-kwale da 'yan sa-kai. Su ke fara isa, kuma ba su cikin kowace hukuma. Su wa zai ba su rediyon, wa zai riƙa yi musu caji?